Yadda Tsiro Ke Jin Gishiri a Ƙasa: Aikin Ƙwayoyin Gado Masu Kai Saƙo

A watan Disambar 2024, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da wani rahoto da ya ƙiyasta cewa gishiri ya shafi ƙasa mai faɗin kusan hekta biliyan 1.4 a duniya, abin da ya ɗara kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa baki ɗaya. Hukumar ta ce kimanin kashi 10 cikin 100 na gonakin ban ruwa suna cikin wannan hali, kuma ta lissafa Sudan cikin ƙasashe goma da matsalar ta fi faɗi a cikinsu, tare da irin su Ostareliya da Sin da Iran da Kazakistan.

Mafi yawan abin da ɗan Adam ke nomawa ba ya shiri da gishiri. Duk da haka, a gona ɗaya akan ga wani iri ya ƙone tun yana yabanya, wani kuma ya daure har ya kai ga girbi. Binciken da masana suka yi cikin shekaru 30 da suka wuce ya nuna cewa babban ɓangare na wannan bambanci yana tattare da yadda tsiro ke gane cewa gishiri ya iso, da yadda yake isar da labarin ga sauran sassan jikinsa kafin ɓarna ta yi nisa. Ƙwayoyin gadon da ke gudanar da wannan aiki su ake kira masu kai saƙo.

Ƙasa mai gishiri da ƙasa mai kanwa

Ana auna gishirin ƙasa ta hanyar jiƙa ta sharkaf, a tace ruwan, a duba yadda lantarki ke ratsa shi, domin ruwa mai gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar lantarki. Sunan ma'aunin desisimens a kowace mita. Idan ya kai 4, masana kan ce ƙasar ta yi gishiri, kuma hakan ya yi daidai da kusan giram 2.3 na gishirin miya a cikin lita guda ta ruwa. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 a lita, saboda haka ƙasa kan fara cutar da shuka tun gishirinta bai kai ko kusa da na teku ba.

A 1977 wasu masana biyu a Amurka, Maas da Hoffman, suka tattara sakamakon gwaje-gwaje suka fitar da matakin da kowane amfanin gona ke fara raguwa. Albasa tana fara raguwa daga 1.2, masara daga 1.7, tumatir daga 2.5, shinkafa daga 3. Alkama tana kaiwa 6, dawa 6.8, auduga 7.7, sha'ir kuma 8. Ga shinkafa, duk ƙarin ɗigo ɗaya a bisa matakin nan yana rage amfani da kusan kashi 12 cikin 100. Abin lura a nan shi ne, kayan da aka fi nomawa da rani su ne a sahun masu rauni.

Gishirin yakan zo ne a cikin ruwan ban ruwa kansa. Babu ruwan kogi ko na rijiya da ba shi da ɗan gishiri. Rana ta ƙafar da ruwan, tsiro ya sha nasa, gishirin ya tsaya a ƙasa. Idan aka zuba wa hekta guda ruwan da zurfinsa ya kai mita ɗaya a shekara, kuma kowace lita na ɗauke da rabin giram na gishiri, an bar tan 5 ke nan a gonar, muddin babu magudanar da za ta fitar da shi. A bakin teku kuwa, ruwan tekun ne ke kutsawa cikin gonaki da rijiyoyi.

Akwai kuma ƙasa mai kanwa, wadda mutanen yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga suka sani sarai. Gishirin miya haɗin sodiyam ne da kulorayid, kanwa kuwa haɗin sodiyam ne da kabonet. Ita kanwa ban da cutar da tsiro tana ɓata ƙasar kanta: takan sa ta cure, ta hana ruwa shiga, idan ta bushe ta yi tauri kamar daɓe.

Ƙishirwa tukuna, guba daga baya

Masaniyar tsirrai 'yar Ostareliya, Rana Munns, ta bayyana cewa illar gishiri tana zuwa ne hawa biyu. Na farko yana farawa cikin mintuna. Duk wanda ya taɓa barbaɗa wa yankakkiyar albasa gishiri ya ga yadda take fitar da ruwa, domin ruwa yana bin inda gishiri ya fi yawa. Haka ƙasa mai gishiri ke riƙe ruwanta ta hana saiwa sha, sai tsiro ya shiga ƙishirwa alhali yana tsaye cikin danshi, sabbin ganyaye su rage girma.

Hawa na biyu yana ɗaukar kwanaki ko makonni. Sodiyam ɗin da ya samu shiga yana bin jijiyoyin ruwa zuwa ganye, ruwan ya fice ta ƙananan hujojin numfashi, shi kuma ya yi ta taruwa har tsofaffin ganyaye su ƙone daga tsini. Haɗarinsa shi ne kamar da yake yi da fotasiyam, sinadarin nan da ke cikin takin zamani. Sama da nau'i 50 na furotin masu gudanar da ayyukan cikin tsiro suna buƙatar fotasiyam. Sodiyam kan zauna a mazauninsa, amma ba ya iya yin aikinsa. Munns ta kuma yi wani lissafi mai ban mamaki: tunda tsiro yana fitar da ruwa ta ganye kusan ninki 50 na abin da yake riƙewa a jikinsa, dole ne saiwa ta tare kimanin kashi 98 cikin 100 na gishirin da ke cikin ruwan da take sha, in ba haka ba ganye ya cika da shi.

Ma'aikata da masu ba da umarni

Jikin tsiro ya ginu ne da ƙwayoyin halitta, ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. Kowace tana da bango a waje, da siririn tantani a cikin bangon, sannan a tsakiyarta akwai wani babban rumbu na ajiya. Ƙwayar gado kuwa wani rubutaccen umarni ne a cikin DNA wanda ake bi a haɗa furotin iri guda. Wasu furotin ɗin ma'aikata ne, kamar famfunan da ke cikin tantani suna fitar da sodiyam waje ko suna tura shi rumbu. Wasu kuma aikinsu su ji canji, su kai labari, su kunna ma'aikatan ko su kashe su.

Dalilin da ya sa ba a bar famfunan suna aiki kullum ba shi ne tsada. Fitar da sodiyam yana cin ƙarfin da tsiro ya samo daga hasken rana, wanda da shi zai yi ganye da ƙwaya. Tsiron da ya kunna duk kariyarsa a ƙasar da ba gishiri ya yi asara, wanda ya makara wajen kunnawa a ƙasa mai gishiri kuma ya mutu.

Daƙiƙun farko

Cikin daƙiƙu kaɗan bayan gishiri ya taɓa saiwa, yawan sinadarin kalsiyam a cikin ƙwayoyin halittarta yakan yi tsalle. A lokacin da babu matsala, ƙwayar halitta tana ajiye kalsiyam a waje da cikin rumbu, ta bar kaɗan ƙwarai a tsakar ɗakinta, don haka ko ɗan ƙari ya zama ƙararrawa. Tsawon lokacin da ƙarin ke ɗauka da wurin da ya auku suna bambanta tsakanin gishiri da sanyi da taɓawa, kuma ana ganin da wannan ne tsiro ke rarrabe wace matsala ce ta zo.

An daɗe ana neman abin da ke fara jin gishirin. A 2014 ayarin Zhen-Ming Pei na Jami'ar Duke a Amurka ya bayyana OSCA1, wata ƙofa a tantani da ke buɗewa kalsiyam ya shiga idan ruwa ya fara janyewa daga ƙwayar halitta. Wannan ƙofa ƙishirwar take ji, ko gishiri ne ya jawo ta ko wani abu dabam. A 2019 ayarin Pei ya sake bayyana MOCA1, ƙwayar gadon da ke taimakawa wajen haɗa wani nau'in maiƙo a fuskar tantani. Sodiyam yana maƙalewa a jikin wannan maiƙo, daga nan ƙofofin kalsiyam su buɗe. Tsiron da aka lalata wa MOCA1 yana jin ƙishirwa yadda ya kamata, amma ƙararrawarsa ta gishiri ta yi rauni ƙwarai. Akwai kuma FERONIA, wanda bincike a 2018 ya nuna yana sa ido a kan bango: sodiyam yana sassauta bangon, kuma idan babu wannan mai gadi, ƙwayoyin halittar da ke bakin saiwa sukan fashe lokacin da suka koma girma.

Labarin ba ya tsayawa a saiwa. A 2014 ayarin Simon Gilroy na Jami'ar Wisconsin ya ɗiga gishiri a tsinin saiwa, ya bi sawun kalsiyam da na'urar hangen ƙananan abubuwa, sai ya ga ƙarin yana tafiya daga wannan ƙwaya zuwa waccan kamar igiyar ruwa, a gudun da ya kai kusan milimita 0.4 a daƙiƙa, wato fiye da santimita 2 a minti. A ƙaramin tsiro, ganye yana samun labari cikin mintuna, tun sodiyam ɗin kansa bai iso gare shi ba.

Hanyar SOS

Hanyar saƙon da aka fi fahimta ita ce wadda Jian-Kang Zhu da abokan aikinsa suka bankaɗo, mafi yawan aikin a Jami'ar Arizona. Sun yi amfani da Arabidopsis, wata 'yar ciyawa dangin kabeji da ba a ci, ba a sayarwa, amma masana suka riƙe ta saboda tana kammala rayuwarta cikin makonni shida zuwa takwas, kuma ita ce tsiro na farko da aka karance DNA ɗinsa, a shekarar 2000.

Dabarar da suka bi mai sauƙi ce. Suka lalata ƙwayoyin gado barkatai a cikin ɗimbin iri, suka shuka, suka mayar da 'yan tsiron kan faranti mai gishiri, sannan suka juya farantin saiwoyi suka kalli sama. Saiwar da ke ci gaba da girma za ta lanƙwaso ta nufi ƙasa. Wadda gishiri ya tsayar za ta tsaya a miƙe. Daga cikin masu miƙewar aka samo tsirrai masu tawaya, aka sa musu suna SOS daga haruffan farko na wasu kalmomin Ingilishi da ke nufin mai tsananin rashin jure gishiri. An bayyana na farko a 1996, kuma zuwa shekarar 2000 an gano ƙwayoyin gado uku da abin da kowace ke haɗawa.

SOS3 shi ne mai jin ƙararrawa. Ƙaramin furotin ne mai wuraren kama kalsiyam, idan ya kama sai siffarsa ta canza. SOS2 shi ne ɗan aike mai hatimi: aikinsa ya manna wa wani furotin alamar sinadarin fosfet, wadda ke kunna shi. Amma SOS2 yana da wata jela da ke naɗowa ta toshe bakin aikinsa, sai SOS3 ya kama jelar ya janye ta sannan ya iya aiki. Su biyun sai su tafi tantani inda SOS1 yake. SOS1 shi ne famfon, kuma shi ma yana da doguwar jela da ke kulle shi. Da zarar SOS2 ya buga wa jelar hatimi, sai famfon ya buɗe ya fara fitar da sodiyam, yana musanyar kowane ɗaya da haidirojin guda daga waje. Haidirojin ɗin kuwa wani famfo ne dabam ya tara shi a waje da ƙarfin da tsiro ya kashe, kuma a nan tsadar take.

A 2002 masana a Sifen tare da ayarin Zhu suka saka waɗannan ƙwayoyin gado uku a cikin yis da aka cire wa nasa famfunan sodiyam. Da SOS1 kaɗai yis ɗin ya ɗan jure gishiri, da aka haɗa ukun sai juriyar ta ƙaru sosai. Wannan ya tabbatar da cewa famfo ba tare da masu kunna shi ba aikinsa kaɗan ne. Daga baya aka gano cewa a ganye wani ɗan'uwan SOS3 mai suna CBL10 ne ya fi yin aikin jin ƙararrawar, kuma shinkafa tana da irin wannan hanya, har ana iya haɗa sassanta da na Arabidopsis su yi aiki tare.

Wani bincike da aka wallafa a 2013 daga Koriya ta Kudu ya ƙara haske a kan kullin. Idan babu gishiri, wani furotin mai suna GIGANTEA yana riƙe SOS2 ya hana shi motsi. GIGANTEA kuwa an san shi tun da can a matsayin ɗaya daga cikin masu tsara lokacin fure. Gishiri yana sa a rushe shi, SOS2 ya kuɓuta ya kama aiki, fure kuma ya yi jinkiri. Ke nan makarar fure da ake gani a tsiron da gishiri ya dama tana da alaƙa ta kai tsaye da kariyar da ya kunna.

Akwai hujja daga daji ma. Wata 'yar'uwar Arabidopsis mai suna Eutrema salsugineum tana rayuwa a ƙasa mai gishirin da zai kashe 'yar'uwarta. Ƙwayoyin gadonsu sun yi kama ƙwarai, sai dai ita tana haɗa SOS1 da yawa tun kafin gishiri ya zo. Da masana suka rage aikin SOS1 ɗinta a 2009, juriyar ta tafi.

Rumbu da mashigar jijiya

Fitarwa waje ta fi amfani a saiwa, domin ganye ba shi da ƙasar da zai zubar wa. Shi ya sa tsiro ke da wasu hanyoyi biyu. Ta farko ita ce tura sodiyam cikin rumbu, inda ba zai taɓa furotin masu aiki ba, sannan tsiro ya haɗa wasu sinadarai marasa illa kamar furolin ya cika tsakar ɗakin da su don kada ruwa ya gudu zuwa rumbun. A 1999 ayarin Eduardo Blumwald a Jami'ar Toronto ta Kanada ya ƙara ƙarfin wani famfon rumbu mai suna NHX1 a Arabidopsis, a 2001 kuma a tumatir. Tumatirin ya yi 'ya'ya a ruwan da ke da kusan giram 12 na gishiri a lita, kimanin sulusin na teku, kuma gishirin ya taru a ganye, kaɗan ne ya shiga 'ya'yan. Labarin ya zaga duniya a lokacin. Bincike na baya ya nuna cewa babban aikin waɗannan famfuna a rayuwar tsiro ta yau da kullum shi ne shigar da fotasiyam rumbu, saboda haka bayanin juriyar ya fi yadda aka zata da farko sarƙaƙiya.

Hanya ta biyu ita ce tare sodiyam a kan hanyarsa ta zuwa ganye. Ƙwayoyin halittar da ke kewaye da jijiyoyin ruwa a saiwa suna da wata ƙofa, HKT1, wadda ke zaro sodiyam daga ruwan da ke hawa sama ta ajiye shi a saiwa.

Sinadarin aike da farashin kariya

Ɓangaren ƙishirwa yana da nasa ɗan aike, wani sinadari da ake taƙaita sunansa da ABA. Idan ruwa ya yi wuya, tsiro yana ƙara haɗa shi. An san ABA tun shekarun 1960, amma sai a 2009 ayari biyu, na Sean Cutler a Kalifoniya da na Erwin Grill a Jamus, suka gano furotin ɗin da ke karɓarsa. Tsarin ya yi kama da na SOS ta fuskar kulli: akwai wasu 'yan aike masu hatimi da ake kira SnRK2, akwai kuma masu gadin da ke goge musu hatimi kullum don kada su yi aiki. Idan ABA ya zo, mai karɓarsa yana kama masu gadin, 'yan aiken su samu sarari. A ganye suna sa hujojin numfashi su rufe, ruwan da ke ficewa ya ragu, sodiyam ɗin da ke hawa tare da shi ma ya ragu. A cikin cibiyar ƙwayar halitta kuma suna kunna wasu furotin da ke buɗe ɗaruruwan ƙwayoyin gado na kariya a lokaci guda.

Rufe hujojin yana da farashi, domin ta nan iskar da tsiro ke haɗa abinci da ita take shiga. A 2006 masana a Ingila suka nuna cewa tsiro da kansa yake taka wa girmansa birki idan gishiri ya zo, ta hanyar tara wasu furotin da ake kira DELLA. Tsiron da aka cire wa su ya ci gaba da girma a cikin gishiri, amma ya fi saurin mutuwa idan gishirin ya tsananta.

Wannan ciniki tsakanin girma da kariya shi ne babban abin da ya hana a ci moriyar ƙwayoyin gado masu kai saƙo cikin sauƙi. A 1999 ayarin Kazuo Shinozaki da Kazuko Yamaguchi-Shinozaki a Japan ya kunna wata ƙwayar gado mai ba da umarni, DREB1A, ya bar ta a kunne dare da rana. Tsirran sun jure gishiri da fari da sanyi, amma sun tsumbure, irin da suka bayar kuma kaɗan ne. Da aka sauya mata makunni zuwa wanda ke tashi sai lokacin wahala, juriyar ta samu, tsumburewar ta ragu ƙwarai. Ga ciyawar daji, tsira da 'yan ƙwayoyin iri kaɗan nasara ce. Manomi kuwa buhu yake ƙirgawa.

Saiwa tana iya kauce wa gishiri ma. A 2013 ayarin Christa Testerink a Jami'ar Amstadam ya nuna cewa idan gishiri ya fi yawa a gefe guda, saiwa tana karkata zuwa ɗaya gefen, ta hanyar sauya rabon sinadarin girma da ake kira oksin tsakanin ɓangarorinta biyu.

Abin da ya isa gona

An wallafa ɗaruruwan rahotanni na tsirran da aka ƙara wa wata ƙwayar gado suka jure gishiri a ɗakin gwaji, amma waɗanda suka kai hannun manoma 'yan kaɗan ne. Gwajin ɗaki yakan zuba gishiri mai yawa farat ɗaya a kan ɗan tsiro, a ƙirga waɗanda suka rayu. A gona gishiri yana ƙaruwa ne sannu a hankali, wani gefe ya fi wani, ga zafi ga ƙarancin taki, kuma abin da ake aunawa shi ne nauyin hatsi.

Nasarorin da suka fi tabbata sun fito ne daga tsofaffin iri na manoma. A gaɓar tekun jihar Kerala ta Indiya an daɗe ana noma wata doguwar shinkafa mai suna Pokkali a gonakin da ruwan teku ke shiga. Ba ta da yawan amfani, amma Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifins, IRRI, ta gano wani yanki a kuromosom ɗinta na ɗaya, aka sa masa suna Saltol, aka riƙa shigar da shi cikin iri masu yawan amfani ta hanyar barbara ta al'ada tare da duba DNA don tabbatar da cewa an gaje shi. A 2005 masana a Shanghai suka gano, daga wata shinkafar Indiya mai suna Nona Bokra, cewa ƙwayar gadon da ke wannan yanki tana haɗa ƙofar HKT1 ce mai ƙarfin aiki. A Ostareliya kuma, Munns da abokan aikinta suka ɗauko irin wannan ƙofa daga wata tsohuwar alkama suka shigar cikin alkamar taliya, suka bayyana a 2012 cewa amfani ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a gona mai gishiri, bai kuma ragu ba inda babu gishiri. Saltol yana kare shinkafa ne tana ƙarama. Lokacin fure, wanda shi ma mataki ne mai rauni, yana buƙatar wasu ƙwayoyin gadon dabam.

A 'yan shekarun nan masu kai saƙo ma sun fara isa gona, kuma abin sha'awa, ta hanyar kashe su aka samu ribar. A 2023 ayarin Xie Qi na Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Sin ya binciki ɗaruruwan irin dawa, hatsin da asalinsa daga Afirka yake, yana neman masu jure ƙasa mai kanwa. Suka gano AT1, wani furotin mai kai saƙo. Kanwa tana sa ƙwayar halitta ta tara haidirojin feroksayid, sinadarin da a ɗan ƙaramin adadi shi ma saƙo ne, amma idan ya yi yawa yana ƙona ta daga ciki. AT1 yana hana ƙofofin da ke fitar da shi aiki sosai. Da aka yi amfani da irin da AT1 ɗinsa ba ya aiki, amfanin dawa ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 a gonaki masu kanwa na yankin Ningxia, kuma an ga irin wannan ƙari a shinkafa. A watan Mayun 2025 Indiya ta sanar da shinkafa mai suna Pusa DST Rice 1, wadda aka gyara mata wata ƙwayar gado mai ba da umarni, DST, mai hannu a yawan hujojin ganye da buɗewarsu.

A Nijeriya, irin da aka samar ta hanyar barbara da duba DNA, kamar na Saltol, yana bin hanyar rajistar iri da aka saba. Wanda aka sauya wa ƙwayar gado kuwa yana ƙarƙashin hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015, kuma ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙwayoyin gado a 2020. Inda wannan ilimi zai fi shafar ƙasar shi ne gonakin shinkafa na bakin teku, da ƙasashe masu kanwa na arewa maso gabas, da manyan wuraren ban ruwa irin su Kadawa da Haɗeja da Bakolori a duk inda magudanai suka toshe ruwa ya kwanta.

Sodiyam ɗin da SOS1 ya fitar yana komawa ne cikin ƙasar da ke kewaye da saiwa, wanda ya shiga rumbu kuma yana dawowa gona idan kara ya ruɓe a wurin. Iri mai juriya yana ba manomi damar yin girbi a ƙasar da ta fara lalacewa, amma yawan gishirin gonar yana nan yadda yake, sai an zuba ruwan da ya ɗara buƙatar shuka ya wanke shi zuwa ƙarƙashin saiwa, magudana ta kwashe. A ƙasa mai kanwa akan fara da barbaɗa jibsam, farin dutsen da ake haƙa a jihohin Yobe da Sakkwato don masana'antar siminti. Kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana ture sodiyam daga jikin yumɓu, ƙasa ta saki ruwa ya ratsa. Tun a 1969 wani gwaji a Kalifoniya ya nuna cewa ƙarin kalsiyam a ruwan da saiwa ke sha yana sa wake ya jure gishirin da da zai halaka shi, kusan shekaru 30 kafin a gano SOS3.